NAZARI: Taget ko amana: Abin da ke sa tawagar 'yan tallar banki ta yi fice

Da wuya a samu ma'aikacin gwamnatin tarayya a Abuja da bai taɓa cin karo da su ba. Samari da 'yan mata ne sanye da kwat ko rigar kamfani, riƙe da fom da ƙasidu, suna bin ofis-ofis a Sakatariyar Tarayya da harabar ma'aikatu. Wannan yana so a mayar da asusun albashi bankinsu, wancan yana tallar bashin da za a riƙa cirewa daga albashi, wata kuma tana lallashin ma'aikaci ya sauya kamfanin da ke kula da fanshonsa. Su ne ake kira maketa, kuma kusan kowannensu yana yawo ne da wani adadi da aka ɗora masa ya kawo kafin ƙarshen wata, wanda a bakin ma'aikatan banki ake cewa taget.

Matsin da ke kansu yana da nasaba da wata shawara da aka yanke a Babban Bankin Najeriya, CBN. A ranar 28 ga Maris, 2024, bankin a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya umarci bankunan kasuwanci su ƙara jari: naira biliyan 500 ga masu lasisin hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga masu aiki a faɗin ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya, tare da wa'adin da aka tsayar a ranar 31 ga Maris, 2026. Duk wanda ya zuba kuɗinsa a sabon hannun jari zai jira riba, ribar banki kuwa tana fitowa ne daga ajiyar da ya tara da bashin da ya bayar. Umarnin da ya fito daga sama, a ƙarshe kan maketa yake sauka.

Wannan ya sa ya dace a duba wace irin tawagar talla ce ke cin nasara mai ɗorewa, wace ce kuma ke cika takarda da alƙaluma ta bar wa kamfani da kwastoma jidali. Abin da ya faru a Najeriya da Amurka cikin shekaru goma da suka wuce ya nuna cewa amsar tana ga abin da shugabanni suka zaɓa su auna su kuma biya lada a kansa, fiye da yadda take ga zaƙin bakin mai talla.

Dalilin rububin ma'aikacin gwamnati

Kafin 2015, babban abin da maketa ke farauta shi ne asusun ma'aikatu da hukumomi. Wanda ya samo asusun hukuma guda mai kuɗi ya huta da taget na tsawon lokaci. Da gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta aiki da asusun bai-ɗaya, TSA, a watan Satumbar 2015, kuɗin gwamnatin tarayya suka koma CBN, wannan ƙofa ta rufe. Dole bankuna suka juya ga ɗaiɗaikun mutane da ƙananan 'yan kasuwa.

A cikin ɗaiɗaikun nan, mai albashin gwamnati yana da daraja ta musamman. Kuɗinsa na shigowa kowane wata ta tsarin IPPIS, ajiyar da ke asusun yau da kullum kuwa ita ce mafi arha ga banki, domin ba a biyan mai ita kuɗin ruwa kamar yadda ake biyan mai ajiyar wa'adi. Ga kuma wani ƙarin dalili: a watan Satumbar 2024 CBN ya kai kason ajiyar da dole bankunan kasuwanci su jingine a wurinsa zuwa kashi 50 cikin ɗari, kafin ya sassauta zuwa kashi 45 bayan shekara guda. Idan kusan rabin abin da aka tara ba zai juyu ba, banki zai ƙara matsa ƙaimi wajen neman ajiyar da ba ta da tsada. Bashin albashi shi ma haɗarinsa kaɗan ne, musamman tun da aka fara aiki da tsarin GSI a watan Agustan 2020, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya cire kuɗinsa daga asusun da mai bashi ke da shi a wani bankin.

A ɓangaren fansho ma gasar ta buɗe. Dokar fansho ta 2014 ta ba ma'aikaci damar sauya kamfanin da ke kula da asusunsa sau ɗaya a shekara, kuma Hukumar Kula da Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta fara aiwatar da hakan a ranar 16 ga Nuwamba, 2020. Tunda kowane wata ana zuba kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, kwastoma guda yana nufin kuɗin shiga na shekaru masu yawa. Ruwa ba ya tsami banza. Yawan sallamar da ake yi a ƙofar ofis lissafi ne.

Darasin Wells Fargo

Babu misalin da ya fi fito da haɗarin taget fili kamar na bankin Wells Fargo na Amurka. Shekaru da dama ana yaba masa a matsayin gwanin sayar wa kwastoma guda hajoji da yawa. Burin da shugabanninsa suka sa a gaba shi ne kowane gida ya mallaki hajoji takwas na bankin, daga asusun ajiya zuwa katin bashi da inshora. An rarraba wannan buri zuwa adadin da kowane reshe da kowane ma'aikaci zai kawo a rana, ana bibiyarsa ba ƙaƙƙautawa.

A watan Satumbar 2016 asiri ya tonu. Hukumomin Amurka sun ci bankin tarar dala miliyan 185 bayan an gano ma'aikata sun buɗe asusu da katunan bashi kimanin miliyan 2 ba tare da izinin masu sunayen ba, adadin da bincike na gaba ya kai shi miliyan 3.5. Bankin ya ce ya sallami ma'aikata kusan 5,300 cikin shekaru biyar a kan wannan laifi. Shugabansa John Stumpf ya ajiye aiki a watan Oktoban shekarar. A watan Fabrairun 2018 babban bankin Amurka ya hana shi ƙara girman kadarorinsa, takunkumin da ba a ɗage ba sai a watan Yunin 2025, a tsakani kuma ya amince ya biya dala biliyan 3 a 2020 don sasanta tuhumar da gwamnati ke masa.

Rahoton da kwamitin daraktocin bankin ya fitar a watan Afrilun 2017 ya ɗora laifin a kan tsarin tallar da kuma shugabannin da suka ƙi yarda cewa matsalar daga adadin da suka ƙayyade take. Idan mutum goma suka yi ha'inci, ana iya cewa baragurbi ne. Idan dubbai suka yi iri ɗaya a rassa daban-daban, tsarin ne ya koya musu. Kafin asirin ya tonu, alƙaluman tallar bankin suna nuna cewa wannan tawaga tana kan gaba a Amurka.

Abin da aka auna shi ake samu

Masanin tattalin arziki na Birtaniya Charles Goodhart ya lura tun 1975 cewa ma'auni yakan rasa amfaninsa da zarar an mayar da shi abin da ake hukunta mutane a kansa. A harkar talla wannan yana bayyana ƙarara. Idan aka ce maketa ya kawo asusu hamsin a wata, zai buɗe wa 'yan'uwa da abokan makaranta, asusun su kwanta ba a sake taɓa su ba. Idan aka auna ajiyar da ke asusu a ranar ƙarshe ta wata, zai roƙi wani ɗan kasuwa ya ajiye kuɗi na kwana biyu ya kwashe. Takarda ta cika, banki bai ƙaru da komai ba, sai ɗawainiyar kula da matattun asusu, waɗanda yawansu ya kai CBN ya fitar musu da ƙa'idoji na musamman a watan Yulin 2024.

Tawagar da ke yin fice tana auna abin da ya rage bayan an sa hannu: asusu nawa ne ke motsi bayan wata shida, nawa ne matsakaicin abin da ke zama a ciki tsawon wata, bashi nawa aka biya ba tare da rigima ba, kwastoma nawa ne suka kai ƙorafi ko suka tafi. Irin wannan ma'auni yana da wuyar yi wa dabara, domin sai kwastoma ya ga amfanin abin da aka sayar masa zai ci gaba da amfani da shi.

Bunƙasar kamfanoni irin su Moniepoint da OPay ta nuna ƙarfin wannan hanya. Kuɗin shigarsu daga na'urar POS yana zuwa ne daga kowace mu'amala da aka yi da ita, don haka na'urar da aka raba ta kwanta a aljihun tebur asara ce. Wannan ya tilasta musu shimfiɗa wakilai a kasuwanni da unguwanni, mutanen da suka san mai shago da sunansa, waɗanda za a kira idan na'ura ta ƙi aiki ko kuɗi ya maƙale. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da manhajojin bankuna da dama suka riƙa gazawa saboda cunkoso, waɗannan kamfanoni sun kwashi kwastomomi masu yawa. Moniepoint, wanda aka kafa a 2015 da sunan TeamApt, ya tara jarin dala miliyan 110 a watan Oktoban 2024, darajarsa ta haura dala biliyan 1.

Sai dai su ma gaggawa ta ja musu. A watan Afrilun 2024 CBN ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga buɗe sababbin asusu saboda damuwa kan yadda ake tantance masu buɗewa, bai sake su ba sai a watan Yuni bayan sun tsaurara matakansu. Duk tawagar da ke kallon sashen tantancewa a matsayin mai kawo cikas ga ciniki, wata rana hukuma za ta tsayar mata da cinikin gaba ɗaya.

Wa ke ɗaukar asara

Abu na biyu shi ne yadda aka raba haɗari tsakanin kamfani da mai talla. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 sun nuna cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatan bankunan Najeriya 'yan kwantiragi ne, kuma da yawa daga cikin masu yawon talla a wannan rukuni suke. Kamfanin da ke tsakani ne ya ɗauke su, albashinsu kaɗan ne, kamasho ne ke cike gibin, kuma gaza cika taget na 'yan watanni na iya raba mutum da aikinsa.

Wanda bai da tabbacin zai kai baɗi a wurin aiki ba zai damu da abin da zai faru da kwastoma baɗi ba. Zai ɓoye kuɗin da ake cirewa kafin a ba da bashi, zai faɗi kuɗin ruwan wata ya yi shiru a kan na shekara, zai yi alƙawarin da ya san ofis ba zai cika ba. Idan ya tafi, sanin da ya yi wa kwastomomi ya tafi tare da shi, wanda ya gaje shi ya fara daga tushe. Kamfanin yana ganin ya rage kashe kuɗi a albashi, alhali yana biya ta wata hanyar: horar da sababbi kullum da kuma kwastomomin da suka yi fushi suka bar shi.

Kasuwancin Hausawa ya daɗe da sanin maganin wannan. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a binciken da ya wallafa a 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanun da aka kawo daga Arewa bashi, ta hannun dillalan da ke ƙarƙashin wani maigida. Maigidan ne ke tsaya wa cinikin. Idan mai saye ya ƙi biya, shi za a bi. Saboda haka dole ya san wanda dillalinsa ke sayar wa kaya, dillalin kuma ya san cewa cinikin banza zai zubar da mutuncin gidan da yake ci a ciki. Fassarar wannan a banki ita ce a jinkirta wani kaso na kamasho har sai asusu ya nuna yana raye ko bashi ya fara dawowa, a kuma sa ladan manaja ya dogara da ingancin abin da yaransa suka kawo. Wells Fargo sai bayan ɓarna ta auku ya ƙwace miliyoyin daloli daga ladan manyan shugabanninsa.

Sanin haja da ikon warware matsala

Abu na uku shi ne ilimi. Hajar kuɗi ba kamar atamfa ba ce da mai saye zai taɓa ya gane ingancinta. Sai an yi masa bayani. Fansho misali ne mai kyau. Tun watan Yulin 2018 aka raba kuɗin fansho zuwa rukunai bisa shekarun ma'aikaci da irin haɗarin da zai iya ɗauka: wanda bai kai shekara 50 ba ana sa shi a rukuni na biyu idan bai zaɓi wani ba, wanda ya kai 50 a na uku, 'yan fansho a na huɗu. Daga baya an ƙara rukuni na shida, wanda ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, ga masu son jarin da ya dace da shari'ar Musulunci. A watan Satumbar 2022 kuma PenCom ta fitar da ƙa'idar da ta ba ma'aikaci damar amfani da har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara a matsayin kason farko na bashin sayen gida.

Maketan da zai iya zama da ma'aikaci mai shekara 47 ya fayyace masa waɗannan, ya nuna masa ribar da kamfaninsa ya samar a rukunin da ya shafe shi cikin shekaru da dama, ya kuma gaya masa gaskiya idan sauyin ba zai amfane shi ba, shi ne za a nuna wa abokin aiki na ofishin gaba. A ma'aikatu labari yana yawo da sauri, na alheri da na sharri. Wanda abin da ya iya kawai shi ne miƙa fom da kyautar biro da kalanda, zai samu sa hannu yau, ya rasa mutumin idan shekara ta zagayo.

Ilimin kaɗai ba ya isa idan babu goyon baya daga cikin gida. Kwastoma ba ya raba maketa da sashen da ke mayar da kuɗin da aka cire bisa kuskure. A wurinsa duk banki ne. Idan mai talla ya yi alƙawari, sashen ayyuka ya ɗauki mako uku bai amsa ba, amanar da aka gina ta rushe. Shi ya sa a kamfanonin da suka fahimci lamarin ake ba mai talla hanyar kai ƙorafin kwastoma kai tsaye ga wanda zai iya warwarewa, ana kuma auna sassan cikin gida da saurin amsa masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shugaban da ake iya gaya wa gaskiya

Abu na huɗu ya shafi shugabanci. Kamfanin Google ya gudanar da wani bincike na cikin gida da ya kira Project Aristotle, inda ya duba tawagogi 180, ciki har da na talla 65, don gano abin da ya bambanta masu ƙwazo da saura. Sakamakon ya nuna cewa yadda 'yan tawaga ke hulɗa da juna ya fi tasiri a kan ko su wane ne a cikinta, kuma abin da ya zo kan gaba shi ne mutum ya samu natsuwar faɗin kuskurensa ko ra'ayinsa ba tare da tsoron wulaƙanci ba. Bayansa akwai cika alƙawari tsakanin abokan aiki da fayyace wa kowa aikinsa.

A taron safiyar Litinin na reshen banki ake gane wannan. Inda taron ya zama dandalin tsawa da kunyata wanda bai cika adadi ba, kowa zai koyi ɓoye gaskiya da ƙawata alƙaluma, manaja ya zama na ƙarshe da zai san cewa kasuwa ta juya. Inda kuwa maketa zai iya cewa kuɗin ruwan bashin nan ya fi na abokan gasa tsada, ko taget ɗin unguwar nan ya fi ƙarfin jama'arta, labarin yana isa sama da wuri a gyara. Adadin da aka tsara bisa yawan jama'a da ƙarfin aljihunsu yana zaburar da ma'aikaci. Wanda aka ɗauko daga buƙatar masu hannun jari aka raba wa rassa ido rufe, ƙarya yake haifarwa.

Inda abin ya shafi ma'aikatan gwamnati

Darasin yana da fuska biyu ga ma'aikacin tarayya. Ta farko, shi ne kwastoman da ake nema. Kafin ya sa hannu a takardar bashi, haƙƙinsa ne ya ga jimillar abin da zai biya daga farko zuwa ƙarshe a rubuce, da duk kuɗin da za a cire kafin a ba shi, da abin da zai biyo baya idan albashi ya yi jinkiri. Kafin ya sauya kamfanin fansho, ya tuna cewa damar sau ɗaya ce a shekara. Yadda mai talla ya karɓi waɗannan tambayoyi yana nuna irin tawagar da ya fito daga cikinta.

Fuska ta biyu ita ce gwamnati ma ta rungumi aiki da ma'auni. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya yana maye gurbin tsohon fom na APER da sabon tsarin auna ƙwazo mai ƙayyade wa kowane ma'aikaci abin da ake jira daga gare shi. A watan Nuwamban 2023 ministoci da manyan sakatarori sun sa hannu a yarjejeniyar cika aiki a gaban Shugaba Bola Tinubu, aka ɗora wa ofishin Hadiza Bala Usman bibiyarsu. Hukumomin tara kuɗin shiga kuwa kowace shekara da adadin da ake ɗora musu.

Tarkon da ya kama Wells Fargo yana nan a gaban duk wanda ke tsara waɗannan ma'aunai. Idan aka auna jami'i da yawan fayil ɗin da ya fitar daga teburinsa, fayil za su yi ta yawo ba tare da an warware komai ba. Idan aka auna mai tara haraji da jimillar kuɗi kaɗai, zai ƙara matsa wa waɗanda dama suke biya, ya ƙyale wahalar nemo waɗanda ba sa cikin rajista. Daraktoci da mataimakan da ke rubuta waɗannan sharuɗɗa suna da damar tambaya tun kafin a sa hannu: idan ma'aikaci ya cika wannan adadi ta hanya mafi sauƙi, shin ɗan ƙasa zai ga canji?

A ɓangaren bankuna, sanarwar cika sharaɗin jari ba za ta nuna wanda ya gina tawaga ta gari ba. Za a gane hakan ne a rahotannin shekarun da ke tafe, a yawan bashin da ya ƙi dawowa, da ƙorafin da ke isa sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN, da kuma adadin asusun da aka buɗe da ɗoki suka kwanta. Gani ga wane dai ya ishi wane tsoron Allah.